Salun, wagon, jif ko Sienna: wacce ta dace da gida mai mutum shida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, na daɗe ina tara kuɗin motata ta farko. Mu shida ne a gida: ni, da maiɗakina, da yara uku, da mahaifiyata da ke zaune tare da mu. Duk wata mukan je garinmu, kuma kilomita 15 na ƙarshe burji ne. Na zagaya wajen dillalai, wannan ya ce salun, wancan ya ce jif, wani ya ce Sienna. Mene ne ainihin bambancin waɗannan motoci, kuma wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da aka tara, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Sana'ata gyaran jikin mota ce, shekara sama da ashirin ke nan ina wannan aiki. Saboda haka ni mota ba daga fuska na san ta ba, daga inda take karyewa na san ta, kuma da wannan idon zan ba ka amsa.

Bari in fara da motar da duk ɗan Arewa mai 'yan shekaru ya hau. Peugeot 504, wato Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta harhaɗa ta har zuwa 2006. Fuska ɗaya ce, inji ɗaya, sitiyari ɗaya. Amma ma'aikacin gwamnati salun yake hawa, direban tasha wagon yake ja mai layin kujeru uku, ɗan kasuwa da manomi kuma akori-kura suke lodawa buhuna. A Turai har da mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama aka yi mata. Mota ɗaya, riga biyar, kowace riga da aikin da aka ɗinka ta dominsa. Abin da dillalai suka rikita ka da shi ke nan: kowa yana yabon rigar da ke filinsa, ba wanda ya tambaye ka inda za ka je da ita.

Salun ita ce wadda idan ka tsaya a gefenta za ka ga kamar akwati uku aka jera: ɗakin inji a gaba, ɗakin mutane a tsakiya, but a baya da murfinsa daban. Corolla, Camry, Accord, 406 da Vectra, a siffar da aka fi kawo mana su, duk salun ne. Daga Ingila muka samo sunan. Amurkawa sedan suke cewa, a Nijar kuma za ka ji berlin, daga Faransanci. Abin da ya mayar da ita salun shi ne katangar nan da ke bayan kujerar baya, wadda ta raba mutane da kaya, kuma mutane ba su san yawan aikin da katangar ke yi musu ba. Ka saka jarkar fetur ta janareta a but, ko buhun albasa, ko daddawa da bandar kifi daga ƙauye, warin ba ya cika ɗakin. Ƙarar tayoyin baya ba ta isowa kunne sosai. A zafin watan Afrilu, iyakwandishan ɗan ƙaramin ɗaki yake sanyayawa, nan da nan ya kama. Wanda ya leƙa ta gilashi a bakin kasuwa ba ya ganin abin da ka ajiye. Idan kuma aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, kaya na can a tsare, ba za su taso su faɗo wa yara a ƙeya ba. Ga ta a ƙasa-ƙasa, iska ba ta tare ta da yawa, don haka shan manta da sauƙi, kuma a kwana tana zama daram. Inda take gazawa shi ne bakin but ɗin: ciki da faɗi, ƙofa ƙarama. Buhu uku za su shiga, amma keken ɗinki a tsaye ko ƙaramin firiji ba zai wuce bakin ba. Tsakanin cikinta da ƙasa kuma santimita 13 zuwa 15 ne ga yawancinsu, kafin a yi lodi.

Idan aka datse but ɗin salun, aka yi wa motar ƙofa a baya wadda ke ɗagawa sama tare da gilashinta, an sami mai guntun baya, wadda dillalai ke kira hacbak. Renault 16 ta 1965 na cikin waɗanda suka fara nuna wannan siffa a motar iyali, sai Volkswagen Golf ta 1974 ta yaɗa ta duniya. Motar tsofaffin biranen Turai ce, inda tituna ke da matsi kuma wurin ajiye mota ke wahala, shi ya sa take daɗin shiga lungunan cikin birnin Zazzau ko na Kano. 206, 307, Yaris, Starlet da Matrix duk dangin nan ne. Matrix da Pontiac Vibe ma, idan ka cire musu riga, Corolla ce a ciki. Idan kuma maimakon a datse but ɗin aka ja rufin motar har ƙarshensa, an sami wagon. Lissafin kamfanin Volkswagen kansa ya nuna bambancin: Golf ta bakwai mai guntun baya but ɗinta lita 380 ne, a kwantar da kujerun baya ya koma 1,270. Wagon ɗinta kuwa lita 605 ne, a kwantar da kujeru ya kai 1,620. Inji ɗaya, shan mai kusan ɗaya.

A ganina wagon ita ce motar da aka fi zalunta a kasuwarmu. Mai gida yakan guje ta don kada a ce motar haya ya saya, alhali direbobin haya su ne suka fi kowa iya lissafin mota, tunda da ita suke ci. Ba a banza Golf 3 wagon ta cika tashoshinmu ba, kamar yadda Fijo wagon ta cika su kafin ita. Ita Fijon ma ba rufi kawai aka ja mata ba: an ƙara mata santimita 16 tsakanin tayoyin gaba da na baya, aka sa mata gatari mai ƙarfi a baya da sifirin huɗu, don an san kaya za ta ɗauka. Da a ce ku huɗu ne ko biyar a gida, da ban ja maganar nan da tsawo ba, wagon zan ce ka nema.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Duk motar da bayanta ya sauka a tsaye, hacbak ce ko wagon ko jif, iska na yin juyi a bayanta ta kwaso ƙura ta manna a gilashin. Dalilin da ya sa ake yi musu waifa a baya ke nan, salun kuwa ba ta buƙata. A kan burji da rani, idan robar ƙofar bayan ta tsufa, ƙurar har ciki take shigowa, ka iso gari kowa ya yi ja. Wannan juyin iskar kuma shi ke sa abin da nake gani a hanya ya riƙa tayar mini da hankali: direba ya cika kaya har ƙofar baya ta ƙi rufuwa, ya ɗaure ta da igiya a buɗe, ga fasinjoji a ciki. Hayaƙin salansa da ya kamata ya tafi baya, iskar tana maido shi cikin motar. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai mutane su fara ciwon kai da gyangyaɗi, har da direban. Kada ka taɓa yin doguwar tafiya da iyali ƙofar baya a buɗe. Wani abu kuma na zamanin nan: idan kana da niyyar mayar da mota mai aiki da iskar gas ta CNG, tukunyar a but ake girke ta. A hacbak kusan duk wurin kayan take cinyewa, a salun ta bar maka rabi ko ƙasa da haka.

Yanzu sai jif, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta, don haka ka ba ni hankalinka. Sunan ya samo asali daga Jeep, ƙaramar motar sojan Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu. A Nijar kat-kat suke cewa, wato mai ja da taya huɗu. Mu kuma duk motar da ta ɗaga daga ƙasa mun sa mata suna jif, alhali motoci iri biyu ne mabambanta ke ɓoye a ƙarƙashin sunan nan ɗaya.

Iri na farko shi ne mai shasi daban. Ka kwanta a ƙarƙashin Land Cruiser, ko Prado, ko 4Runner, ko Fortuner, za ka ga manyan ƙarafa biyu sun miƙe daga gaba zuwa baya, da wasu sun gicciya su, kamar tsani a kwance. Inji da giya da ƙafafu duk a kan tsanin nan aka ɗaure su, sannan aka ɗora bodi a sama aka ƙulle da kusoshi, da roba a tsakani. Idan taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya kuma ta hau tudu, tsanin ne ke shan murɗiyar, bodi na zaune abinsa. Ginin babbar mota ne aka ƙanƙanta shi. Iri na biyu kuma ba shi da tsanin ko kaɗan. An haɗa faranti da faranti na ƙarfe da walda har jikin gaba ɗaya ya zama shi ne ƙashin kansa, kamar ƙwarya: ba ta da ginshiƙi a ciki, ƙarfinta a zagayenta yake. Kamfanin Citroën ya fara ƙera irin wannan da yawa tun 1934, kuma yau kusan duk salun da wagon da hacbak haka suke. A 1994 Toyota ta fito da RAV4, mota mai ginin ƙwarya amma da tsayin jif. Honda ta biyo da CR-V a 1995, wadda aka gina a kan tushen Civic. Lexus RX da Highlander da Venza kuwa a kan tushen Camry aka gina su. Wato wanda ya sayi Highlander, Camry ya saya da aka ɗaga ta sama aka yi mata jikin wagon. Kama da wane ba ta wane.

Ba kushe su nake yi ba. Ɗagawar nan tana da amfani na gaske: santimita 18 zuwa 21 tsakanin ciki da ƙasa na nufin ka wuce tudun kwalta da ramin unguwa da ruwan da ya kwanta a titi ba tare da ka ji ƙarar gogar ƙasa ba. Direba na hango gaba da kyau. Sun fi masu shasi taushin tafiya da sauƙin mai. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum ita da sunan motar daji. Ba ta da giyar nan mai jan ƙarfi a hankali da bakanikai ke kira okzileri, wadda ke fitar da Land Cruiser daga rairayi da taɓo. Ƙafafunta na salun ne, idan aka dage da dukan su a kan burji kullum, kuɗin shokabzoba da bushin ba za su bar aljihu ya huta ba. Abin da ya fi wannan ma, da yawa daga cikin RAV4 da Highlander da RX da ake shigowa da su daga Amurka tayoyin gaba kawai ke ja, daidai da Camry. Kada ka dogara da rubutun da ke manne a ƙofar baya. Ka durƙusa ka leƙa: idan akwai dogon ƙarfe mai juyawa, furofela, da ya taso daga giya ya nufi tsakiyar tayoyin baya, to huɗun ke ja. Na sha ganin motar da aka cire mata furofelar bayan ta lalace, aka bar rubutun yana nan, aka sayar a farashin mai ja da huɗu.

Ita kuma mai shasin, ƙarfinta da nauyi aka saye shi. Corolla ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wajen kilo 1,300. Prado ta haura tan biyu, babbar Land Cruiser ta haura biyu da rabi. Kowane kilo da fetur ake tura shi, a tashi da a tsaya, ko kai kaɗai ne a ciki za ka makaranta. Taya ɗaya tata takan kusa kuɗin biyu na Corolla, haka birki, haka yawan baƙin man da take sha a juye. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 na ga manyan jif da yawa an rufe su da tamfol a gidaje, masu su sun koma hawa ƙananan motocin matansu. Ga mai albashin koyarwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai batun kifewa, wanda ba dillalin da zai ɗauko maka shi. Mutane na ganin babbar mota ta fi tsaro, kuma a karon gaba da gaba da ƙaramar mota, gaskiya ne nauyi na taimakon mai shi. To amma duk abin da ya yi tsayi, nauyinsa na sama, kuma abin da nauyinsa ke sama ya fi saurin tuntsurewa. Ka tuna bambancin ɗaukar tulu a ka da rungume shi a ƙugu. A garejinmu salun yawanci da gaba a murƙushe ake jawo ta, doguwar mota kuwa sau da yawa da rufi a lotse. Taya ta fashe ana gudu a hanyar Kaduna, ko akuya ta gitta direba ya fizgi sitiyari, salun ta yi tangal-tangal ta tsaya, doguwa ta juya. A 1997 wata sabuwar ƙaramar Mercedes mai tsayi, A-Class, ta kife a hannun 'yan jarida a Suwidin yayin gwajin kauce wa dabba a hanya, abin da ya sa kamfanin ya saka mata na'urar da ke taka wa kowace taya birki ita kaɗai idan mota ta fara zamewa. Toyota na kiran tata VSC, Honda VSA, wasu ESP. Amurka ta wajabta ta a kan duk ƙananan motoci daga samfurin 2012. Duk doguwar motar da ta girmi wannan shekara, ka tabbatar tana da ita kafin ka biya. Kuma kada ka mayar da rufi wurin lodin buhuna: abin da kamfanoni ke yarda a ɗora a saman yawancin motocin gida tsakanin kilo 50 ne da 100, wato buhun masara ɗaya ya cinye shi.

Akori-kura ba taka ba ce, amma ga ta a taƙaice. Hilux, wadda ta fara fitowa a 1968, shasi gare ta irin na tsani, da sifirin faranti a baya da aka yi don ɗaukar kimanin tan ɗaya. Shi ya sa ita ce ke ratsa Sahara daga Agadas, ita ce kuma ke fito da amfanin gona daga inda ba hanya. Idan babu kaya a bayanta sai ta riƙa tsalle, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta bayan kan zame saboda rashin nauyi. Kujerar bayan mai gida biyu a miƙe take, tafiyar awa uku a kai sai dattijuwa ta kwana biyu tana jin bayanta. Bayan akori kuma na kaya ne. Yaro ko babba da aka zaunar a can ba shi da bel, ba shi da rufi.

Mai ƙofa biyu, wadda ake kira kufe, irin Accord mai ƙofa biyu ko 406 kufe, za ka same ta da araha, kuma arahar ce tarkon. Ƙofofinta dogaye ne masu nauyi, sukan sauka da tsufa. Ƙofar da gilashin da fitilun baya ba sa shiga na 'yar'uwarta salun, don haka ranar da aka goge ka sai an yi ta cigiya a kasuwar kayan gyara. Ranar sayarwa kuma masu nema kaɗan ne. Akwai kuma masu ƙofa huɗu da aka zaftare musu rufin baya don ado, irin su Crosstour da X6 da ZDX. Mai hula ko mai ɗaurin ɗankwali da ya zauna a baya shi zai ba ka labari. Mai buɗaɗɗen sama kuwa, rana da ƙurar hunturu sun riga sun yanke mata hukunci a ƙasarmu. Ta ma fi 'yar'uwarta mai rufi nauyi, domin da aka cire rufin sai da aka ƙara ƙarfe a ƙasa don kada jikin ya riƙa lanƙwasa.

Saura ƙaramar bas ta iyali. Dodge Caravan ta fito a Amurka a ƙarshen 1983, Renault Espace a Faransa a 1984, kuma tunaninsu ɗaya: a tura inji can gaba cikin ɗan gajeren hanci, a shimfiɗe daɓen ciki ya zama bai ɗaya, a ɗaga rufi, duk tsawon motar ya zama na mutane. Sharan, wadda muke kira Sharon a tasha, ta zo a 1995. Sienna ta zo a 1997, ita ma a kan tushen Camry. Ginin ƙwarya ne, ba shasi.

To, Malam, ga inda lissafinka ya tsaya. Ku shida ne. Salun, hacbak, wagon mai layi biyu, RAV4, CR-V, RX, Venza, kusan dukansu bel biyar gare su. Na san abin da za a ce maka: ai yara ne, a matsa, ƙaramin a ɗora shi a cinya. Ni da nake cire gilasan gaba da suka fashe daga ciki ba zan ba ka wannan shawarar ba. Ko a gudun cikin gari, idan mota ta tsaya farat ɗaya, babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro. Ga shi kuma yara girma suke yi, motar da za ka saya yau kana fatan ta kai ka shekara takwas ko goma. Da wannan kaɗai rabin filin dillalin ya fita daga lissafi. Abin da ya rage shi ne masu layi uku: Sienna, Sharon, Highlander mai layi uku, Pilot, ko Prado.

Layi na uku ma ba ɗaya ba ne. A Highlander, musamman tsofaffin, kujerar can baya a kan tudun tayoyi take, gwiwa na tokare ƙirji, ta yara ƙanana ce a gajeriyar tafiya. Idan ka buɗe ta kuma wurin kaya ya ƙare, sai jaka biyu ko uku, kan yaran na dab da gilashin baya. A Sienna babba na zama a layi na uku ya miƙe ƙafa, kuma a bayansa akwai rami mai zurfi da ke cin akwatuna da buhu. A samfurin 2004 zuwa sama, kujerar na naɗewa ta shige cikin ramin nan, daɓen ya zama fili. Sannan ka tuna da gwiwoyin Hajiya. Salun sai an durƙusa a shiga, a yunƙura a fito. Prado sai an taka matakala an kama ƙarfe an ja jiki sama. Sienna kujerarta kusan daidai ƙugun mai tsaye take, daɓen a ƙasa, ƙofar kuma zamewa take yi gefe ta bar baki mai faɗi, mutum ya juya kawai ya zauna. Wannan ƙofa mai zamewa tana kuma hana yaro ya bankaɗa ta a kan mai babur. Sharon ta farko ba ta da irin ta, ƙofofinta na gama-gari ne, sai daga samfurin 2010 aka yi mata. Ita Sharon ta fi Sienna gajarta da sauƙin mai idan ka samu mai ƙaramin inji, sai dai samun wadda haya ba ta gama da ita ba shi ne aikin.

Ni Sienna zan nuna maka, amma ka san abin da ka ɗauka. Injinta silinda shida ne a yawancin waɗanda ke kasuwa, ba za ta sha mai kamar Corolla ba, ko da yake ba ta kai Prado ba. Tsawonta wajen mita biyar ne, juyawa a lungu sai da lura. Kuma raunin da ya shafe ka kai tsaye: tsakanin tayoyin gaba da na baya wajen mita uku ne, cikinta kuma bai fi na salun ɗagawa da yawa ba, wajen santimita 16 zuwa 17. Doguwar mota mai ƙasa-ƙasa, idan ta hau tudu mai tsini, gaba ya wuce, baya bai iso ba, tsakiya ce ke zama a kai. Da mutum shida da tsarabar ƙauye, bayan na ƙara sauka.

Don haka hukuncin na hannun kilomita 15 ɗin nan naka, kuma akwai hanyar gane shi da ba ta cin ko kwabo. Ka je tashar da ake lodin garinku ka duba irin motocin da ke bin hanyar a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama. Idan Golf da Sharon na shiga har cikin gari da lodinsu, Sienna za ta shiga, a hankali, kana ɗora taya a kan tudu maimakon ka sa shi a tsakiya. Idan kuwa da damina sai Hilux da babura, to Highlander ma ba za ta fisshe ka ba, domin bambancinta da Sienna 'yan santimita ne. A nan zaɓi biyu ne: kuɗin Prado da ɗawainiyarta duk shekara, ko ka sayi motar da ta dace da sauran wata tara, a watannin ruwa ka ajiye ta a bakin kwalta wajen wani amintacce ku ƙarasa da motar garin. Ga malamin makaranta, na biyun nake ganin ya fi.

Ranar da za ka je dubawa, ka tafi da bakanikenka da kuma mai gyaran jiki, don idonsu ba ɗaya ba ne. Mota mai ginin ƙwarya an yi gabanta da bayanta ne su murƙushe a karo don su shanye dukan, kuma idan ƙafafun da ke riƙe da inji suka taɓa lanƙwasa aka gasa su da wuta aka miƙe, ƙarfen ya rasa ƙarfinsa, a karo na biyu ba zai kare kowa ba. A buɗe bonet a duba ƙafafun nan biyu, a ɗaga kafet a duba daɓe, a janye robar bakin ƙofofi a ga ko ɗigon waldar kamfani na nan a jere ko an yi sabuwar walda an shafe da fenti. A leƙa ƙasa a nemi tsatsa, domin motar da ta zauna a jihohin ƙanƙara na Amurka ko Kanada gishirin da ake zubawa a titi na cin ta daga ƙasa. A Sienna, ka buɗe ƙofofin gefe ka rufe sau biyar-biyar, da hannu da maɓalli, don ƙura na kashe musu waya da moto. Ka kunna iyakwandishan na baya ka sa hannu a kowace kafa. Ka ja kowane bel har na layi na uku ka ji ya kama. Ka tambayi inda safaya take: Sienna mai ja da taya huɗu ta samfurin 2004 zuwa 2020 ba a yi mata wurin safaya ba, da tayoyi na musamman ta zo, kuma mai bin burji ba ya tafiya ba safaya, don haka mai ja da gaba ta fi maka.

In da hali, ka ɗauki Hajiya da maiɗakinka da yaran ku je tare kafin a biya. Kowa ya zauna a inda zai riƙa zama, Hajiya ta shiga ta fito sau biyu ba tare da an riƙe ta ba, sannan ka zagaya baya ka dubi yadda motar ta sauka, ka auna da tafin hannunka abin da ya rage tsakanin salansa da ƙasa.